Yadda ake tsara albashin mai raino da nauyin da doka ta ɗora wa iyali a Najeriya

Ranar da kuka kawo mace gida ta riƙa kula muku da yara a kan lada, kun zama masu ɗaukar ma'aikaci, ko da ba ku da shago ko ofis. Rigingimun da ke kai uwar ɗaki da mai raino gaban mai unguwa ko caji ofis kusan kullum daga wuri uku suke tasowa: ba a yanke albashi a gaban shaida ba, ba a rubuta abin da aka biya ba, ko kuma an bar wani yana karɓar kuɗin a madadin mai aikin. Duk ana iya toshe su tun makon farko.

Mataki na farko: ku tabbatar da shekarunta

Wannan mataki ne da kuskure a cikinsa zai iya kai mutum gidan yari, shi ya sa ya zo gaba da maganar kuɗi. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta ce a sashe na 23 duk wanda ya ɗauki yaro ko yarinya da ba su kai shekara 12 ba aikin gida ya yi laifi, hukuncinsa ɗauri daga wata 6 zuwa shekara 3. Wanda ya kawo ta da wanda ya ajiye ta duk hukuncin ya hau kansu. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta fi haka tsanani: sashe na 28 ya hana a sa duk wanda bai kai shekara 18 ba aikin gida in ba a gidansu ko cikin danginsa ba. Tana aiki kai tsaye a Abuja, jihohi kuma kowace da irin tata, shi ya sa ake samun bambanci daga jiha zuwa jiha. Hanyar da ba ta da haɗari a ko'ina ita ce ku ɗauki wadda ta cika 18.

Kada ku tsaya a kan maganar dillaliya cewa "ai babba ce, ƙaramin jiki gare ta". Ku nemi takardar NIN ko katin zaɓe, ku ɗauki hotonsa, ku mayar mata da abinta nan take. Riƙe wa mai aiki katinta ko wayarta don kada ta gudu yana cikin alamomin da ake gane aikin tilas da su. Ku karɓi suna, lambar waya da unguwar mutum biyu da suka tsaya mata, ɗaya daga danginta, ku kira su a gabanta. In daga ƙauye aka kawo ta, ku san sunan garin da na dagacinsu.

Ko an ajiye doka gefe, yarinya 'yar shekara 11 da aka ɗora wa jariri a baya tun asuba ita kanta raino take buƙata. Ba ta san abin yi ba in yaro ya shaƙe da abinci ko zazzaɓi ya sa shi jijjiga, kuma in wani abu ya faru ita za a ɗora wa laifin.

In za ku nemi gwajin lafiya, ku biya kuɗinsa, ku gaya mata abin da za a gwada, a yi da yardarta. Ku sani dokar hana tsangwamar masu cutar HIV ta 2014 ta hana a mayar da gwajin HIV sharaɗin ɗaukar aiki.

Mataki na biyu: ku san inda doka ta tsaya

Dokar Ƙwadago ita ce ta tsara albashi, hutu da sallama, amma akwai ƙulli a cikinta. Inda sashe na 91 ya fassara ma'aikaci, ya cire wanda aka ɗauka ba don sana'ar mai ɗaukarsa ba, ya kuma cire 'yan gidan mutum. Saboda wannan lauyoyi suna saɓani kan ko kowane sashe nata ya shafi mai aikin gida. Kada wannan ya ruɗe ku. Yarjejeniyar aiki, ta baki ce ko ta takarda, tana ɗaure wanda ya ƙulla ta, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a garuruwa irin su Kano, Kaduna da Abuja, ita ke da hurumin shari'ar da ta taso daga aiki. Mafi sauƙi ku ɗauki ma'aunan Dokar Ƙwadago ku zuba su a takardarku. Da zarar kun sa hannu sun zama sharaɗi a tsakaninku, gardamar lauyoyi ba ta shafe ku ba.

Mataki na uku: yanke albashi

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma Naira 70,000 a watan Yulin 2024, daga 30,000 da aka yanke a 2019. Dokar ta keɓe wuraren da ke da ma'aikata ƙasa da 25, don haka ba ta tilasta wa iyali mai ma'aikaciya ɗaya ba. Duk da haka wannan adadi shi ne mudun da ya kamata ku auna da shi, musamman ga wadda ke zuwa daga gidanta kullum tana biyan kuɗin mota da haya. Ku lissafa kuɗin adaidaita sahu na kwana 26 ku ga abin da zai rage mata kafin ku ce kun biya ta da kyau.

Ga wadda ke kwana a gida, ɗaki da abinci ba sa maye gurbin albashi. Ku yanke adadin da za a ba ta tsaba, sannan ku rubuta abinci, wurin kwana, sabulu da man shafawa daban a matsayin abin da gida ya ɗauka. Kayan Sallah da goron Sallah kyauta ne. In kuna so a lissafa su cikin lada sai an faɗa tun farko, in ba haka ba ranar rabuwa za ku ji ana cewa "ai mun ɗinka mata atamfa biyu", ita kuma tana cewa ba ta roƙa ba, kuma ita ce da gaskiya.

Ku fayyace aikin. Raino daban, wanki da girkin gida duka daban. In za a haɗa mata su, a faɗa kuma a ƙara kuɗi. Malaman fiƙihu ma sharaɗin da suka sa wa ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, ke nan: aiki sananne, lada sananne.

Mataki na huɗu: takarda

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ba mai ɗaukar aiki wata 3 ya miƙa wa ma'aikaci sharuɗɗan aiki a rubuce. Kada ku jira wata ukun, ku yi a makon farko. Shafi ɗaya ya isa, a rubuta da Hausa in ita take ji, a karanta mata da babbar murya gaban wanda ya tsaya mata in ba ta karatu. Abin da zai shiga:

sunanku da adireshin gida, sunanta da na garinsu, ranar fara aiki;
yara nawa za ta riƙe da sauran ayyukan da aka amince;
albashin wata, ranar biya, da hanyar biya;
lokacin farawa da tashi, ranar hutun mako, da abin da za a biya in ta yi ƙarin lokaci ko ta kwana;
hutun shekara, rashin lafiya, da wanda zai biya kuɗin asibiti;
kwanakin notis in ɗayanku zai raba gari.

Ku ƙara dokokin gida da suka shafi yara: ba duka, ba a ba yaro magani sai da izinin iyaye, ba a fita da shi unguwa ba tare da sani ba, ba a sa hotonsa a WhatsApp ko TikTok. In akwai kyamara a gida ku gaya mata, kuma kada a sa ta a ɗakin da take kwana ko banɗaki. A sa hannu ko a dangwala a kwafi biyu, ɗaya nata ɗaya naku.

Mataki na biyar: biyan wata-wata

A ɗauki misalin albashin Naira 78,000, don sauƙin lissafi kawai. In tana aiki kwana 6 a mako, an saba raba albashi gida 26, sai ladan yini ya zama 3,000. In yinin aiki awa 8 ne, awa ɗaya ta kama 375. Doka ba ta yanke yawan kuɗin ƙarin lokaci ba, ta bar wa yarjejeniya, don haka ku rubuta naku: misali ladan awa da rabinsa, ko wani adadi tsayayye ga kowane daren da ta kwana saboda kun yi tafiya ko biki. Wadda ta fara a tsakiyar wata ta yi kwana 11 na aiki, haƙƙinta 33,000 ne a ƙarshen wannan watan. Kada a ce sai ta cika wata sannan a fara ƙirga.

Sashe na 15 na Dokar Ƙwadago ya ce tazarar biyan albashi kada ta wuce wata ɗaya. Ku tsayar da rana guda, ku ware kuɗinta tun ranar da naku ya shigo. In za a samu jinkiri ku gaya mata kafin ranar, domin ita ma akwai mai adashi da mai gidan haya da ke jiranta.

Ku biya ta asusun da ke ɗauke da sunanta, na banki ne ko irin su OPay da Moniepoint, ku rubuta "albashin Maris" a wurin bayani. In tsabar kuɗi ne, a samu littafi mai layi shida: wata, cikakken albashi, ƙari, abin da aka cire da dalilinsa, abin da ta karɓa, sa hannunta. Ta ƙirga kuɗin a gabanku kafin ta dangwala.

Inda aka fi cutar da masu raino shi ne hannun da kuɗin ke faɗawa. Dillaliya ta zo ƙarshen wata ta karɓe, ta ce za ta kai wa iyaye, bayan shekara a tarar rabi ya salwanta. Ladan dillaliya abu ne da ake biya sau ɗaya, daga aljihunku, ranar da ta kawo ta. Albashi kuwa na wadda ta yi aikin ne. In ita da kanta ta ce a riƙa aika wa mahaifiyarta wani kaso, a rubuta adadin, ta sa hannu, a riƙa nuna mata shaidar turawa.

Haka nan al'adar "bari in riƙa tara miki don kayan ɗaki". Niyya ce mai kyau da take yawan ƙarewa da kuka, domin kuɗin yana narkewa cikin cefane, ranar da aka sa bikin yarinya a tarar albashin wata 14 ne a kan uwar ɗaki, ba ta da shi. In tana son tari, ku raka ta ta buɗe asusu, ko a riƙa sayen kayan da ta zaɓa ana ba ta rasit.

Mataki na shida: bashi da yanke albashi

Za ta nemi a ba ta wani abu kafin wata ya ƙare, wannan ba makawa. Sashe na 4 na Dokar Ƙwadago ya tsara shi sarai: abin da za a ba ta gaba kada ya wuce albashin wata ɗaya, kada a karɓe shi cikin ƙasa da wata 3, kada a ɗora ruwa, kuma ba a ƙara wani kafin a gama biyan na farko sai da larura. Sashe na 5 kuma ya ce jimillar abin da za a cire a wata ɗaya kada ta haura kashi ɗaya cikin uku na albashi. A misalinmu iyakar ita ce 26,000. In ta karɓi 78,000 gaba ɗaya, ku raba shi wata 4, a riƙa cire 19,500, don a bar gurbin wani abin da ka iya tasowa. Hikimar wannan iyaka ita ce kada bashi ya zama igiyar da ke hana mutum barin aiki.

Fasa faranti, ƙona riga da dutsen guga, makara: ba a cin mai aiki tara a kansu. Dokar ta yarda a cire wani abu ne kawai in barnar ta ganganci ce ko sakaci, kuma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. A fiƙihu ma wanda aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Ranar da ta ƙi zuwa ba uzuri kuwa, ana iya cire ladan yinin, 3,000, a rubuta kwanan watan a littafi.

Mataki na bakwai: haraji, diyya, fansho da inshorar lafiya

Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta yafe wa duk wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Ga wanda ya haura, Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kuma ana cire kashi 15 cikin 100. Mai karɓar 78,000 tana samun 936,000 a shekara. A cire 800,000, saura 136,000, harajinsu 20,400, wato 1,700 a wata. In tana biyan haya, dokar ta ba da sassaucin kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa 500,000. Mai hayar 300,000 za a rage mata 60,000, harajin ya sauko 950 a wata. Wanda ke biyan albashi shi ke da alhakin cirewa da miƙa wa hukumar tara haraji ta jihar da ma'aikaciyar ke zaune, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna, kafin ranar 10 ga wata mai bi ta wuce. Babban kuskure shi ne a cire mata da sunan haraji a bar kuɗin a aljihu. In kun cire, ku miƙa, ku ba ta kwafin rasit.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ita ce wadda iyalai suka fi rashin sani, alhali ta ambaci mai aikin gida da suna, muddin ba ɗan gidan ba ne. Mai ɗaukar aiki yana biyan kashi 1 cikin 100 na albashi ga hukumar NSITF, daga aljihunsa, ba daga albashinta ba. A misalinmu Naira 780 ne a wata. Amfaninsa yana bayyana ranar da tukunyar gas ta ƙone ta ko ta faɗo daga bene da yaro a hannu: asusun hukumar ne ke ɗaukar magani da diyya. Ita za ta sanar da ku cikin kwana 14, ku kuma ku kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Ku je ofishinsu na jiharku da takardar yarjejeniya da NIN ɗinku da nata ku yi rajista. Ko ba ku kai ga rajista ba, raunin da ta ji a bakin aikinku ku ne za ku kai ta asibiti ku biya, kada a cire daga albashi.

Fansho bai wajaba a kan iyali ba, domin dokar 2014 ta ɗora shi a kan wuraren da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. Amma tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsari ga masu ƙananan sana'o'i, kuma mai raino za ta iya buɗe asusu da sunanta. Ga wadda ta daɗe da ku, zuba mata wani abu duk wata ya fi alkawarin "za mu yi miki wani abu in za ki tafi". Inshorar lafiya kuwa, dokar 2022 ta wajabta ta a kan kowane mazaunin ƙasa. Ku yi mata rajista a hukumar inshorar lafiya ta jiha, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, ku biya na shekara.

Mataki na takwas: hutu

Ma'aunan Dokar Ƙwadago su ne: hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana 7, hutun da jimillarsa ta kai awa 1 ga wanda ke aikin awa 6 ko fiye a yini, aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi bayan shekara guda, da kwana 12 na rashin lafiya a shekara da albashi, in likita ya ba da takarda. Wadda ke kwana a gida ita ake yawan danne wa wannan, saboda tana nan, yaro ya yi kuka sai a kira ta. Ranar hutunta ta fita ta ga 'yan uwa, ko ta rufe ɗakinta ta yi barci. In dole ta yi aiki a ranar, a rama mata da wata rana ko a biya ta. Kwana 6 a shekara kaɗan ne ga wadda garinsu ke da nisa, gara ku tsara mata tafiya lokacin Sallah ko Kirsimeti, da kuɗin mota zuwa da dawowa.

In ta samu ciki, ma'aunin da doka ta sa wa kamfanoni shi ne mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da rabin albashi ga wadda ta yi wata 6 tana aiki. Ku ɗauke shi ku sa a takardarku, ku nemi mai riƙon ƙwarya tun cikin yana wata shida.

Mataki na tara: rabuwa

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya jera notis gwargwadon daɗewa: kwana 1 ga wadda ba ta wuce wata 3 ba, mako 1 daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga shekara 5 zuwa sama. Notis na mako ɗaya ko fiye a rubuce ake ba da shi, kuma ita ma haka za ta ba ku in ita ce za ta tafi. In ba ku son ta ci gaba da zama da yara a kwanakin notis, ku biya ta kuɗin kwanakin ta tafi. Ga gida mai jariri mako ɗaya ba ya isa a samu wata, don haka babu laifi ku amince da wata ɗaya a takarda, ya hau kan kowa.

Laifi babba, kamar dukan yaro ko sata da aka tabbatar, yana ba ku damar sallama nan take ba notis, amma bai cinye ladan kwanakin da ta riga ta yi ba. In kuna zargin sata, ku kai ƙara wurin 'yan sanda. Duka, kulle ta a ɗaki, tuɓe ta don bincike ko ɗaukar bidiyonta tana kuka a watsa, kowannensu laifi ne da zai mayar da ku waɗanda ake tuhuma.

Lissafin ƙarshe a yi shi a rubuce gaban wanda ya tsaya mata. A misalinmu, wadda ta yi shekara 3, aka sallame ta bayan kwana 10 na aiki a watan ba tare da notis ba, tana da hutun kwana 6 da ba ta ci ba, kuma saura 19,500 na bashi: kwana 10 sun kama 30,000, notis na mako 2, wato kwana 12 na aiki, 36,000, hutu 18,000, jimilla 84,000. A cire bashin, za ta karɓi 64,500. A biya ranar, ta sa hannu ta karɓa, ta haɗa kayanta da kanta. In daga wani gari kuka ɗauko ta, ku biya kuɗin mota, ku sa ta a mota da safe, ku kira danginta ku gaya musu tashar da za ta sauka da lambar direban.